Jerin Daraja Bai San Gumel Ba

Duk lokacin da kamfanin Blizzard ya buɗe sabon zango a wasan World of Warcraft, kafin a kwana biyu shafuka irin su Wowhead da Icy Veins sun fitar da jadawali. Ana jera rassan mayaƙan wasan daga sama zuwa ƙasa: waɗannan su ne gwanaye, waɗannan ba laifi, waɗannan kuwa kada ma a kusance su. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel da ya tara kuɗi ya sayi kwamfuta, da ma'aikacin da ke neman abin huce gajiya bayan isha'i, jadawalin nan za su fara dubawa, kamar yadda ɗan wasan Jamus ko Koriya yake yi. A ganina jadawalin gaskiya yake faɗa, sai dai gaskiyar wasu mutane ce a wani wuri. Wanda ya ɗora zaɓinsa a kansa daga arewacin Jigawa yana iya yin asarar watanni, da kuɗin da ba a sama ake tsinto su ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda abin yake. Ya fito ne a watan Nuwamba na 2004, kuma a kwamfuta ake yin sa. Yawancin matasanmu a waya suke wasa, su PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile, don haka masu World of Warcraft a nan tsiraru ne. Amma lissafin da zan yi ya shafi duk wasan da ake raba wa mutane aiki a cikinsa. Ɗan wasa yakan ƙirƙiri jarumi guda, ya zaɓa masa sana'a daga cikin sana'o'i 13: Mayaƙi, Maharbi, Mai Sihiri, Paladin, Druid, Shaman da sauransu. Kowace sana'a tana da rassa, galibi uku, jimillarsu kusan 40. Kwatancin da ya fi kusa shi ne ƙira. Sana'a ɗaya ce, amma maƙerin babbaƙu mai yin garma da gatari daban yake da maƙerin farfaru mai yin zobe da awarwaro. Paladin ɗaya ne, amma wani reshensa tare duka yake yi, wani jinya, wani sara.

Ƙololuwar wasan ita ce abin da zan kira farmakin gayya. Mutum 10 zuwa 30, kowa a ɗakinsa, su haɗu a kan lokaci guda su shiga kogo ko fada, su fuskanci dodanni ɗaya bayan ɗaya. Kowane dodo yana da tsarin faɗansa da sai an haddace, kuma karawa ɗaya takan ɗauki minti biyar zuwa goma. Aiki kashi uku ne. Masu garkuwa su ne ke tsayawa gaban dodo su sha dukansa. Masu jinya suna mayar wa mutane lafiyar da suka rasa. Sauran, masu sara da masu harbi, su ne ke cin ran dodon. A mataki mafi wuya, wanda tun 2014 aka ƙayyade shi a kan mutum 20 cif, rabon da aka saba shi ne masu garkuwa 2, masu jinya 4 ko 5, sauran masu kai hari.

Bagumale ba baƙo ba ne ga wannan rabo. Masarautar ta shafe mafi yawan ƙarni na 19 a tsakanin maƙwabta masu ƙarfi, Haɗejiya da Kano da Damagaram, kuma rundunonin wancan zamani bisa aiki aka kasa su. 'Yan lifidi, doki da mahayi duk a lulluɓe da rigar auduga mai kauri, su ke shan kibau su fasa sahu, kuma ba su da yawa saboda tsada da nauyi. 'Yan baka su ne tarin rundunar. Zagage na gefe da kayan iyayen gidansu. Har yau sarautun Sarkin Lifidi da Sarkin Baka suna tuna mana cewa kowane rukuni da shugabansa. Babu sarkin yaƙin da zai ce, tunda lifidi ya fi kwarjini a idon 'yan kallo, kowa ya je ya sa lifidi. Tambayarsa ita ce wa ya rasa a cikin sahu.

Akwai lokacin da tambayar "wane reshe ne ya isa a tafi da shi?" take da amsa mai ɗaci. A shekarun farko, lokacin da mutum 40 ke shiga Molten Core, wasu rassan ba su da amfani a zahiri. Paladin mai garkuwa ba shi da dabarar tsokano dodo ya juyo kansa nan take, don haka Mayaƙi kaɗai ake yarda da shi a gaba. Druid mai jifa da sihiri ƙarfinsa kan ƙare kafin a kai rabin faɗa. Jikin dodo ba ya ɗaukar illa fiye da 8 a lokaci guda, daga baya aka mayar 16, saboda haka duk reshen da ke dogara da guba ko la'ana mai ci a hankali sai a hana shi aikinsa, kada ya ture illar wani. Kayan yaƙin da dodanni ke zubarwa na Paladin da Druid da Shaman ma akasari na jinya ne. Sauya reshe kuma kuɗin wasa ake biya, yana hauhawa har zinari 50, wanda a lokacin dukiya ce. Abin ya kai maƙura a 2008, a farmakin Sunwell, inda ƙungiyoyi suka riƙa cusa Shaman da yawa suna ajiye tsofaffin abokansu a benci. A ƙarshen wannan shekara, da fitowar Wrath of the Lich King, masu tsara wasan suka shelanta manufarsu: a zo da ɗan wasa don iyawarsa, a daina zuwa da shi don sana'arsa.

Ba su cika alƙawarin nan ɗari bisa ɗari ba, amma sun yi nisa. Yau sauya reshe kyauta ne, a cikin 'yan sakanni, matuƙar ba a tsakiyar faɗa ake ba. Farmaki ya kasu mataki huɗu: na masu neman ƙungiya ta na'ura, wanda aka ƙaro a ƙarshen 2011, sai na yau da kullum, sai na jarumta, sai mafi wuya. A ukun farko babu reshen da ba a gama farmaki da shi. Tsohuwar tambaya ta mutu, amma tsoron da ta haifa yana nan.

Shekarar 2019 ta nuna haka ƙarara. Da Blizzard ta sake fito da tsohon wasan da sunan Classic a watan Agusta, wata ƙungiyar Turai mai suna APES ta kashe Ragnaros, babban dodon Molten Core, kafin mako ya cika, wasu 'yan ƙungiyar ma ba su kai matakin ƙarshe na girma ba. Dodon da ya wahalar da mutane watanni a 2005 ya zama abin wasan yara, domin yanzu kowa ya san sirrinsa. Hankali zai ce tunda faɗan ya yi sauƙi haka, sai a sassauta, kowa ya zo da reshen da yake so. Akasin haka aka yi. Ƙungiyoyi suka cika sahu da Mayaƙa masu sara, suna korar mai Druid da mai Paladin fiye da yadda aka yi a da. Ba cin nasara ake tsoron rasawa ba. Gaggawa ce da son suna a jadawali.

Daga ina jadawalin yake samo alƙalumansa? Mafi yawa daga wurare biyu. Na farko shi ne tseren da manyan ƙungiyoyi irin su Liquid ta Amurka da Echo ta Turai ke yi don zama na farko a duniya da suka gama sabon farmaki. Waɗannan mutane sana'arsu ke nan. Sukan yini su kai dare suna wasa har mako ɗaya ko biyu, kowannensu yana da jarumai da dama a shirye, kuma sukan gwada dodon ƙarshe sau ɗaruruwa kafin ya faɗi. A wurinsu ratar kashi biyu ko uku cikin ɗari ita ce bambancin na ɗaya da na biyu, don haka suna da hujjar ajiye reshe saboda ita. Na biyu shi ne shafin Warcraft Logs, inda 'yan wasa ke ɗora bayanan faɗansu, a auna kowa da takwarorinsa a ba shi launi, daga toka har zinariya.

Alƙaluman ba na ƙarya ba ne, amma suna da wata cuta da duk wanda ya karanci ƙididdiga zai gane. Da an ce reshe kaza ya faɗi ƙasa, gwanayen da ke iya sauya jarumi sai su bar shi. Waɗanda suka rage masu sha'awa ne da sababbin shiga. Mako mai zuwa alƙaluman reshen sai su ƙara faɗuwa, mai jadawali ya ce ai ga shi na faɗa muku. Abin da ake aunawa ya zama rabi ƙarfin reshe, rabi ƙaurar gwanaye. Sannan akwai aikin da ma'aunin ba ya gani sosai. A watan Yuli na 2023 aka ƙaro wa Evoker wani reshe da aikinsa shi ne ƙara wa abokansa ƙarfi; saransa a jikin wasu yake fitowa. An daɗe ana jayayya kan yadda za a lissafa shi, alhali ƙungiyoyi na rububinsa, har sai da Blizzard ta rage masa kaifi. Haka duwatsun magani da ƙofar tsallake da Warlock ke kawowa, ko ƙarin basira da Mai Sihiri ke ba kowa, ko tayar da wanda ya faɗi a tsakiyar faɗa. Rundunar da ta rasa waɗannan tana jin rashinsu, ko da kowa a cikinta daga saman jadawali ya fito.

Kuma jadawalin ba ya daɗewa. Blizzard na taɓa alƙaluman rassa a kai a kai a cikin zango guda. Wanda ya shafe wata biyu yana raino da tufatar da jarumi saboda yana sama, yana iya isa ƙofar farmaki ya tarar an sauke shi.

Duk wannan gaskiya ne a ko'ina. Abin da ya keɓanta da mu shi ne nisa da wuta da lokaci, kuma a nan nake so in daɗe.

World of Warcraft ba shi da manyan kwamfutocinsa a Afirka. Ɗan Najeriya da yankin Turai yake haɗuwa. Duk maɓallin da aka danna a Gumel sai saƙonsa ya bi ta hasumiyar waya, ya gangara Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, ya shiga wayar ƙarƙashin teku, ya fita Turai, sannan amsa ta dawo ta wannan hanya. Wayar MainOne da aka buɗe a 2010 tsawonta daga Fotugal zuwa Legas kimanin kilomita 7,000 ne. Haske a cikin irin wannan waya yana gudun kilomita 200,000 a sakan. Zuwa da dawowa a teku kaɗai ya ci milisakan 70, kafin a ƙara hanyar ƙasa a nan da can, da cunkoson yamma lokacin da kowa ya hau intanet. Babu kuɗin da zai sayi ƙasa da abin da nisa ya ƙayyade. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ya kawo sauƙi ga mai halin saye, amma bai matso da Turai ba.

Wasan da kansa yana da haƙuri da ɗan jinkiri. Tsakanin dabara da dabara akwai tazarar sakan ɗaya da rabi da ke raguwa da kayan jarumi, kuma yana karɓar umarni na gaba tun kafin na baya ya ƙare. Jinkiri mai tsayawa wuri ɗaya hannu yakan saba da shi. Abin da ke kashe mutum shi ne jinkirin da ke tsalle, yanzu 150, an jima 600. Nan ne rassa ke bambanta ta hanyar da babu jadawalin da ke nunawa. Mai sara da takobi dole ya manne da dodo, inda ƙasa ta fi yawan kamawa da wuta, kuma inda yake ganin kansa a allo ba lalle nan ne wasan ke ganinsa ba. Mai Sihiri da ke buƙatar tsayawa cik ya haɗa jifa, ya kuma zuba dukan ƙarfinsa a cikin 'yan sakanni ƙidayayyu, tsalle ɗaya na layi ya isa ya zubar masa da rabin aikinsa. Reshen Maharbi mai tafiya da dabbobi kuwa yana iya dukan harbinsa yana gudu, daga nesa, dabbarsa na cizo ko da shi ya tsaya. An sha yi masa ba'a cewa na malalata ne. Ni kuwa ina ganin kamar don mu aka yi shi. Maharbin Gagarawa da ya rayu har ƙarshen faɗa ya fi Mai Sihirin da ke saman jadawali amma ya kwanta a minti na biyu, domin alƙaluman jadawali na wanda bai mutu ba ne.

Wuta ta fi jinkiri tsanani, domin ita ba ta rage aiki, yanke shi take yi. A nan ya kamata mutum ya tambayi kansa: in na ɓace na minti uku, me zai sami sauran mutum 19? In kai ɗaya ne daga masu kai hari 14, faɗa zai yi nauyi, amma sau da yawa ana ƙarasawa. In kai ɗaya ne daga masu jinya huɗu, sauran ukun za su yi gumi. In kai mai garkuwa ne, shi ke nan. Yawancin dodanni an tsara su ne yadda masu garkuwa biyu za su riƙa karɓeɓeniya, wannan ya sha duka har illa ta taru a jikinsa, ɗan'uwansa ya karɓe shi. In layinka ya yanke a daidai lokacin karɓa, abokinka zai faɗi, dodo ya juya kan jama'a, a sake daga farko. Damar tayar da wanda ya faɗi ƙidayayya ce, ta rundunar gaba ɗaya. Saboda haka ba na ba kowa shawarar ɗaukar garkuwa a farmaki sai yana da sola da batir, ko aƙalla kwamfutar cinya mai riƙe caji da layi biyu na kamfanoni daban. Ko da hakan, akwai ranar da ba laifin kowa ba ne, kamar 14 ga Maris na 2024 da wayoyin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya durƙushe a ƙasashe da dama. Ƙungiya takan yafe irin wannan. Ba ta yafe abin da ke faruwa kowane mako.

Tunda sauya reshe ya zama kyauta, zaɓin da ke da nauyi yanzu shi ne na sana'a, domin sauya ta yana nufin sabon jarumi da sabon tara kaya. Maharbi da Mai Sihiri da Warlock ba su da wani aiki sai kai hari. Paladin yana iya ukun duka. Druid ya fi kowa, rassansa huɗu ne: garkuwa, jinya, sara daga kusa da jifa daga nesa. Wanda ke biyan kimanin dala 15 kowane wata, kuɗin da ya haura rubu'in mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ban da kuɗin data da na sabon babi, ba shi da sararin raino jarumai biyar irin na 'yan Liquid. Jarumi ɗaya mai fuska da yawa ya fi masa. Ranar da layi ya yi kyau kuma ƙungiya ta rasa mai jinya, ya cike gurbin. Ranar da layi ke rawa, ya koma baya ya yi jifa.

Akwai suka mai ƙarfi a kan duk abin da na faɗa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ko da jadawali bai dace da kai ba, wanda zai ɗauke ka ya yarda da shi. Jagoran da ke haɗa farmaki da baƙi yana ganin masu nema da yawa a gabansa, bai san kowa ba, sai ya zaɓi reshen da aka ce yana sama ya bar ka tsaye. Wannan asara ce ta gaske, kuma hujja ba ta gusar da ita. Haka nan wanda burinsa shi ne dodannin ƙarshe na mataki mafi wuya, a makonnin farko, dole ya saurari alƙaluma, domin a can rata kaɗan tana hana nasara. Amsata ita ce wannan suka tana nuna inda ya kamata a sa ƙoƙari. Kasuwar baƙi ita ce ke tafiya da jadawali. Ƙungiya mai ɗorewa, wadda ke haɗuwa dare biyu a mako, da wasu abubuwan take auna mutum: yana zuwa a kan lokaci, ya karanci dodon kafin ya zo, ba ya maimaita kuskure ɗaya sau uku. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun fi yawan neman mai jinya, kuma kujerun garkuwa biyun nan galibi na tsofaffin 'yan gida ne. Mai neman shiga daga nesa, in layinsa na da dama-dama, jinya ce ƙofar da ta fi saurin buɗe masa.

Kada kuma a raina daɗi. Reshen da ka zaɓa za ka danna maɓallansa sau dubbai. Wanda yake jin daɗin nasa yakan koye shi har hannu ya riga tunani, kuma a layin da ke jinkiri wannan sabo shi ne ke rufe ɓaraka, domin ka san abin da ke zuwa kafin allo ya nuna maka.

Saura lokaci, wanda kusan ba a taɓa sa shi a lissafi. Ƙungiyoyin Turai da yawa suna fara farmaki da misalin ƙarfe 8 na dare agogon wasan, su tashi wajen 11. A lokacin sanyinsu agogonmu ɗaya ne da na tsakiyar Turai, don haka mutum ya idar da isha'i ya zauna. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuwa suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, ƙarfe 8 ɗinsu ya zama 7 a Gumel, daidai tsakanin magariba da isha'i. Mai kai hari yana iya cewa a fara da ƙananan dodanni zai iso, ko ya nemi hutun minti goma, kuma a matakan da adadin mutane ke sassauci wasan da kansa yana daidaita ƙarfin dodo da waɗanda suke nan. Mai garkuwa ba shi da wannan dama, domin ba a motsawa sai da shi. Makon wasan a yankin Turai ranar Laraba yake sabuntawa, shi ya sa Laraba da Alhamis suka zama daren farmaki a ƙungiyoyi da yawa. Wanda abincinsa ke kasuwar Maigatari, inda Alhamis take ranar hada-hadar dabbobi, ko wanda zai taso daga Sule Tankarkar ya dawo gida bayan duhu, gara ya nemi ƙungiyar Lahadi, ya kuma faɗa wa jagora tun ranar farko cewa daga watan Afrilu zai riƙa makara da rabin awa.